Tasalla da Ƙuli-ƙuli Dubu Biyu da Ɗari Biyar da Ashirin da Ɗaya

"Ga ta nan, ga ta nanku, ga ta tafe da ƙwarya a ka."

"Ta zo mu ji ta, ta sauke mu gani."

To, ku gyara zama. Wanda bai iya ƙirga ba ya ari yatsun na kusa da shi.

A wani gari aka yi wata tsohuwa, sunanta Tasalla. Sana'arta ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa zama gaban malami ya koya mata lissafi ba. A bakin kaskon suya ta koya, da ido da yatsa. Amma in ta dubi tsibin gyaɗa sau ɗaya za ta gaya maka kwano nawa ne, kuma ba ta kuskure. Shi ya sa duk rabon da ya gagari mutane ita ake kira, ko naman suna ne ko goron biki. Ga ta da baki. Takan ce, "Ban ga tsibin da zai fi ƙarfina ba a duniyar nan." Mu tsofaffi haka muke. In mun iya abu ɗaya, sai mu ɗauka Allah bai ba kowa kai ba sai mu.

Sai dai hannunta a dunƙule yake. Shekara arba'in tana sayar da ƙuli, ba ta taɓa yi wa kowa gyara ba. Kun san gyara, ɗan ƙarin nan da mai sayarwa ke ɗora maka bayan an gama ƙirga. In ka ce, "Iya, gyara fa?" sai ta ce, "Na yi maka kama da gonar ubanka?"

Bayan garin akwai tafki. Da shi ake sha, da shi ake wanki, da shi ake shayar da dabbobi har rani ya wuce. Tafkin yana da mai shi, wata tsohuwar aljana da ake kira Uwar Tafki, tana da 'ya'ya goma. Tun kaka da kakanni akwai alkawari tsakaninta da mutanen garin. Duk shekara, in an gama girbi, gidajen garin ɗari uku da sittin kowanne zai kawo ƙuli bakwai, a zube a kan tabarma a bakin ruwa. Da la'asar sai 'ya'yanta su fito. Ba wanda ya san nawa za su fito. Wata shekara uku, wata shekara takwas, yadda suka ga dama. Sai a raba musu daidai wa daida, ba saura, ba gutsure. In an yi kwana uku rabo bai daidaita ba, tafki ya ƙafe ke nan, sai wata damina.

Ba a taɓa kuskure ba. Ko nawa suka fito, rabo yana tashi cif. Mutane suka ɗauka albarkar hannun Tasalla ce, don ita ke rabon. Ita ma haka ta ɗauka.

Sai wata shekara aka zo zubi. Mata sun yi layi, kowace da faifanta. Bayan Tasalla akwai Kuluwa mai daddawa, ƙawarta kuma abokiyar faɗanta tun suna 'yan mata.

Kuluwa ta ce, "Tasalla, ƙirga da kyau. Kar hannunki ya yi kuskure ya saki na takwas, gari ya girgiza."

Tasalla ta ce, "Ke dai ji da warin zanenki."

Kuluwa ta ce, "Zanena yana wari, amma an san ƙofar gidana. Ke kuwa ko ɓera ya yi ƙaura daga naki."

Mata suka kwashe da dariya. Sai zuciya ta ɗebi Tasalla. Ta zube bakwai ɗinta, ɗaya bayan ɗaya. Sai ta kwance haɓar zane, ta zaro na takwas, ta ɗaga shi sama, ta jefa a tsibi, ta ce, "Ga gyara."

Sai ta waiga don ta ga fuskar Kuluwa. Ashe akuya ta sa baki a faifan Kuluwa, ita da sauran matan duk sun bi ta da kora. Sarkin Ruwa Nomau, wanda ke tsaron tabarma, shi kuma yana can yana raba gardamar masunta. Ba wanda ya gani.

Tasalla ta ce a ranta, "Kai, Tasalla, kin yi asara. Kyauta ɗaya a shekara arba'in, ita ma ba shaida."

Ta yi tsaki, ta wuce, ta manta. Kar ku ce ta yi ƙarya, da gaske ta manta. A wajen 'yar kasuwa gyara ba ya shiga ƙirga. In ka sayi bakwai aka ɗora maka ɗaya, bakwai ka saya. Ita a kanta bakwai ta kawo.

La'asar ta yi. Sai ruwa ya motsa, Uwar Tafki ta fito, gashinta har ƙasa, ta zauna kan dutse. Sai 'ya'yanta biyu suka biyo ta, kowane da masakinsa.

Tasalla ta ce, "Biyu kawai? Ranki ya daɗe, yau kin raina ni. Wannan ko jikata ta raba."

Uwar Tafki ta ce, "Raba mu gani, 'yar nan."

Shekarun Tasalla saba'in, amma a wajen Uwar Tafki 'yar nan ce.

Sai ta durƙusa ta kama rabo. Naka, naka. Naka, naka. Hannu yana tafiya kamar mai tankaɗe. Tsibi ya yi ta raguwa, masaki ya yi ta cika. Kowane ya sami dubu da ɗari biyu da sittin. Sai ta kai hannu ta ji ƙuli ɗaya zaune a tsakiyar tabarma, ba abokin tafiya.

Sai 'ya'yan ruwa suka kama waƙa:

"Naka ya zo, nawa ya zo,
Na wa ke nan a tabarma?
Ɗaya ya rage, ruwa ya ja,
Ruwa ya ja da baya."

Sai ruwa ya ja baya taku ashirin, ya bar taɓo da kwaɗi suna tsalle.

Tasalla ta miƙe ta kama ƙugu. Ta ce, "Ba hannuna ba ne. Tsibin nan mara ne, ba cika ba. In an jera shi bibbiyu dole ɗaya ya tsaya shi kaɗai. Wani gida ne ya kawo shida. Na san halin garin nan, ɓarayin zaune!"

Ita dai ba ta taɓa jin wanda ya yi kuskure ya ƙara ba. Duk kuskuren da ta sani na ragi ne.

Sarkin Ruwa Nomau ya ce, "Ranki ya daɗe, ko a ƙaro ɗaya a cike?"

Uwar Tafki ta ce, "An rufe zubi. Ba abin da zai shiga."

Ya ce, "Ko a gutsura shi biyu?"

Ta ce, "'Ya'yana ba sa cin gutsure. Ku mayar da shi tsibi, sai gobe."

Aka juye masakai a tabarma. Sai wani ƙaton kada ya fito ya kwanta a gefenta yana gadi.

Kashegari da la'asar gari ya taru. Sai Uwar Tafki ta fito, 'ya'ya bakwai suka biyo ta.

Tasalla ta yi dariya har ta tafa. Ta ce, "Yau kam an gama. Kowane gida bakwai ya kawo, ga masu ci bakwai. Yau za a ga ragin ɓarawo a fili. In masakin ƙarshe ya tashi da giɓi, to, sai a bi gida-gida."

Ta durƙusa. Naka, naka, naka, har bakwai, ta dawo. Gumi yana zuba, gwiwa tana ƙara. Ta zagaya, ta zagaya, ta zagaya. Aka kai ƙarshe. Ba masakin da ya tashi da giɓi. Duk sun cika daidai. Sai ga ɗaya a tsakiyar tabarma.

'Ya'yan ruwa suka kama:

"Naka ya zo, nawa ya zo,
Na wa ke nan a tabarma?
Ɗaya ya rage, ruwa ya ja,
Ruwa ya ja da baya."

Sai ruwa ya ja baya taku arba'in. Kifi ya fara birgima a taɓo. Mata suka ɗora hannu a ka.

Sarkin Ruwa ya ce, "Iya Tasalla, nawa-nawa suka samu?"

Ta ce, "Ɗari uku da sittin-sittin."

Ya ce, "Gidajen garin nan fa?"

Ta ce, "Ɗari uku da sittin."

Ya ce, "To, ai ba wanda ya rage. Ƙari aka yi."

Sai Tasalla ta buɗe baki. Ta ce, "Ƙari? Wace shashasha ce wannan? Wace mara aikin yi? An ce bakwai tun kakanninmu, ita ta fi kowa arziki? Don a ce mata mai kyauta za ta kashe gari da ƙishirwa? Wallahi in na kama ta, da muciya zan..."

Sai ta tsaya cak. Sai ta tuna da haɓar zane. Sai ta tuna da akuya.

Kuluwa ta ce, "Ƙarasa mana. Da muciya za ki yi mata me?"

Tasalla ta ce, "Zan... yi mata nasiha."

Kuluwa ta ce, "Ke dai ba wanda zai zarge ki. Ko garin nan duka aka tara, ke ce ta ƙarshe."

Sarkin Ruwa ya ce, "Ranki ya daɗe, tun da ƙari ne, a cire ɗaya mana."

Uwar Tafki ta ce, "Abin da ya hau tabarmata nawa ne. Hannun da ya sa shi kaɗai zai cire shi. Ya faɗi sunansa da ƙarfi, gari ya ji, ya ɗauki abinsa, ba na wani ba. Saura gobe."

Tana faɗa tana kallon Tasalla. Tasalla kuwa ta duƙufa tana kaɗe zane.

Ta koma gida ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ni Tasalla in tsaya gaban Kuluwa in ce na ba da gyara, na kuma zo karɓa? Gara a binne ni da kaskona. Ba tsibin da ba ya rabuwa. Zan nemo yawan bakin da zai cinye shi cif, in roƙi Uwar Tafki ta gayyato baƙi daga wasu tafkuna, a cike."

Sai ta ɗebo wake ta ƙirga adadin ƙulin nan, dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Ta share tsakar gida ta zauna.

Ta raba uku, ɗaya ya rage. Ta raba huɗu, ɗaya. Biyar, ɗaya. Shida, takwas, tara, goma, duk ɗaya, yana zaune yana kallonta.

Sai ta ɗauke ƙwaya ɗayan nan ta ajiye gefe, don ta gani. Ta raba uku, ɗari takwas da arba'in-arba'in, cif. Ta raba biyar, ɗari biyar da huɗu-huɗu, cif. Takwas, cif. Tara, cif. Goma, cif. Duk yadda ta juya shi sai ya bi, kamar tuwo mai laushi.

Sai ta riƙe baki. Ta ce, "Ashe tsofaffin nan ba barci suke yi ba. Sun zauna sun nemo adadin da zai rabu ko 'ya'ya nawa suka fito, daga ɗaya har goma. Ko makaho aka ba rabon nan zai tashi daidai. Ni kuwa shekara da shekaru ina karɓar yabo, ina ƙara ɗaura ɗankwali."

Amma ba ta saduda ba. Mu ba ma saduda da wuri. Ta mayar da ƙwayar cikin tsibi, ta kwana, da sassafe ta sake zama.

Ta ce, "Ba zan wahalar da gwiwata a banza ba. Abin da ya ƙi rabuwa biyu ba zai rabu sha biyu ba, ko sha huɗu, ko ashirin. Abin da ya ƙi uku ba zai yarda da sha biyar ko ashirin da ɗaya ba. Haka biyar, haka bakwai, duk da zuriyarsu." Sai ta tsallake su duka, ta kama waɗanda suka saura.

Sha ɗaya, biyu suka rage. Sha uku, sha biyu suka rage. Ta ce, "Kash, saura ƙiris." Sha bakwai, biyar. Sha tara, sha uku. Kaji suka zo tsince mata lissafi, ta jefe su da takalmi. Ashirin da uku. Ashirin da tara. Talatin da ɗaya. Talatin da bakwai. Arba'in da ɗaya. Arba'in da uku. Kowanne sai ya bar saura. Rana ta take tsaka, ko koko ba ta sha ba.

Ta kai arba'in da bakwai. Kowane kashi ya sami hamsin da uku, talatin suka rage. Ta kai hannu za ta gwada hamsin da uku, sai ta tsaya. Ta ce, "Wawiya. In masu ci hamsin da uku ne, ai arba'in da bakwai-bakwai za su samu, talatin ɗin nan dai su rage. Tsibin ne ya juya baya. Daga nan gaba duk hanyar da na riga na bi ce."

Ta zauna ta dubi waken. Ta ce, "To, na gane ki. Ke ba kya rabuwa da kowa. Ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya, kowa ya lashi ƙwaya ɗaya ya tafi da yunwa. Marowaciyar lamba. Da mace ce ke, da ƙuli kike sayarwa."

Sai ta yafa mayafi ta tafi tafki tun mutane ba su taru ba. Ruwan ya koma ɗan kududdufi a tsakiya. Shanu sun tsaya a bakin taɓo suna kuka. Wata mata mai goyo tana tace ruwan laka da gefen zane.

Tasalla ta yi sallama. Uwar Tafki ta leƙo.

Tasalla ta ce, "Ranki ya daɗe, shawara na kawo. Yau ki turo ɗa ɗaya kawai. Ya kwashe duka, ba saura, ba gutsure."

Uwar Tafki ta ce, "In haifi goma, in ciyar da ɗaya, don in rufa wa wata tsohuwa asiri?"

Tasalla ta ce, "Wace tsohuwa?"

Uwar Tafki ta ce, "'Yar nan, akuya ta ɗauke idon mutane. Ni ba ta ɗauke nawa ba."

Ta nutse abinta.

La'asar ta yi. Gari duka ya fito, har marasa lafiya. Sai 'ya'ya tara suka fito da masakansu.

Tasalla ta durƙusa. Yau ba baki. Naka, naka, naka. Tana rabo tana shafa kowane ƙuli da yatsa. Nata ba ya ɓata mata, don ita ba ta barin ko ɗigon mai a tunkuza, sai ta matse shi tas. Ƙulinta ƙanana ne, ga tauri kamar tsakuwa. Da ta ci karo da ɗaya sai ta ture shi gefen tabarma. Ta ci gaba. Kowane ya sami ɗari biyu da tamanin. Sai ga shi, shi kaɗai.

'Ya'yan ruwa suka buɗe baki:

"Naka ya zo, nawa ya zo,
Na wa ke nan a tabarma?"

Tasalla ta ce, "Nawa ne!"



Uwar Tafki ta ce, "Ban ji ba. Tsufa ya taɓa mini kunne."

Tasalla ta miƙe, ta ɗaga ƙulin sama. Ta ce, "Ni ce, Tasalla mai ƙuli. Ni na sa na takwas. Gyara na yi. Na kuma zo karɓar abina."

Sarkin Ruwa ya ce, "Ke, Iya? Gyara?"

Kuluwa ta ce, "Jama'a, ku riƙe ni. Shashashar da za a yi wa nasiha da muciya, ashe ga ta."

Tasalla ta ce, "Saboda ke na yi shi, baƙar tsohuwa. Kika bi akuya."

Kuluwa ta ce, "Da kin faɗa mini, ai da na bar mata faifan."

Sai dariya ta ɓarke. Masunta suna faɗuwa a taɓo. Ana cewa, ga wadda ta yi kyauta sau ɗaya a rayuwarta, ta kwana biyu ta biyo sawu. Tasalla ta tsaya ƙyam, ta shanye dariyar.

Uwar Tafki ta ce, "Abin da aka cire daga tabarmata ba ya shiga gari. Ci shi a nan."

Tasalla ta dubi ƙulin. Ba ta taɓa cin ƙulinta ba, sayarwa take yi. Ta sa a baki, ta gatsa. Sai aka ji ƙas! Ta tofa a tafin hannu. Ƙuli yana nan lafiya lau. Turmin haƙorinta ne ya fito, shi kaɗai ya rage mata.

Ta dube shi, ta dubi jama'a. Ta ce, "Shekara arba'in kuna cin wannan, ba wanda ya kai ni ƙara? Lallai mutanen garin nan kuna da haƙuri."

Sai ta jiƙa ƙulin a kududdufi ta tsotse shi har ya ƙare. Yana ƙarewa sai aka ji ruwa yana tahowa, wuuu. Ya rufe taɓo, ya rufe dutse, ya kamo ƙafafun mutane suna gudu suna guɗa. 'Ya'ya tara suka ɗauki masakansu suka nutse. Shanu suka tsoma baki.

Da aka watse, Kuluwa ta kama hannunta suka hau tudu. Ta ce, "Baɗi wa zai yi rabo?"

Tasalla ta ce, da iska tana fita ta giɓi, "Ku ba duk wanda kuka ga dama. Ko ke kin iya."

Ƙurunƙus, kan kusu guda ɗaya, ba ya rabuwa biyu, kar ku yi faɗa a kansa. In kun tarar manya sun ce bakwai, ku tambayi dalili kafin ku sa na takwas. In kuma rabo yana yi muku kyau kullum, ku duba da kyau, wataƙila ba hannunku ba ne.